Duwatsun da Yaya Ya Jera a Bakin Shinge

Mu bakwai mahaifiyarmu ta haifa, yanzu saura mu biyu, na fari da ta ƙarshe. Shi ya sa har yau, da furfurata da komai, Auta yake kirana, ni kuma ban taɓa kama sunansa ba, Yaya nake cewa. Mutanen unguwa Mai Lauje suke ce masa. Da mijina ya rasu, Allah Ya jiƙansa, Yaya da kansa ya zo ya ɗaure mini kaya. Bai tambaye ni ko ina so ba. Cewa ya yi, "Auta, ɗakin da ke kusa da famfo babu kowa a ciki sai tsofaffin buhuna, su kuma ba sa gaishe ni da safe."

Shekara talatin da ɗoriya ya yi yana kula da lambun wani mai hali a bakin kogi. Akwai mangwaro da gwaiba da lemo, sai wasu tsofaffin itatuwan ɓaure a gaɓar ruwa, waɗanda jemagu ke wuni a kai. Sauran masu lambu gwangwani suke kaɗawa don su kore su, wasu har raga suke ɗaurawa. Yaya bai taɓa yi ba. Yakan ce jemage ba ya cin ɗanye. Ranar da ya ga abin da suka tsotse suka tofar a gindin itace, ya san gobe ranar tsinka ce, kuma bai taɓa kai wa mai lambu mangwaro mai tsami ba. Gwaibar da ta tsiro a jikin katanga ma, wadda ba wanda ya shuka, cewa yake su suka shuka. "Abokan aiki ne," in ji shi, "sai dai ba sa jiran a ce bismillah."

Da mai lambun ya rasu, 'ya'yansa suka sayar da wurin, aka sare komai aka gina ɗakunan ajiyar kaya. Ɓauren ne kawai suka tsira, don suna cikin gaɓar kogi. Yaya ya dawo gida ya zauna wata bakwai, kuma a wata bakwai ɗin nan na ga yadda zama ke cin mutum. Sau uku yake share tsakar gida a rana. Yana wasa lauje ya rataye, gobe ya sauke ya sake wasawa. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Matarsa, mace mai fara'a da kaifin baki, wadda ciwon gwiwa ya zaunar, ta ce mini a ɓoye, "Auta, in mutumin nan bai samu abin yanka ba, mu zai yanka."

Sai Allah Ya kawo aikin fankoki. A kan tudun da ke bayan gari wani kamfani ya kafa manyan fankoki goma sha huɗu masu ba da wutar lantarki, kowace ta fi hasumiya tsawo, da fikafikai uku. Suna neman wanda zai riƙa yanke ciyawa a gindinsu saboda gobara da macizai. Matasa suka je suka ga faɗin filin suka gudu. Yaya ya je ya tsaya. Aka ba shi riga mai ƙyalli, ya dawo gida sanye da ita har cikin ɗaki, ya ci abinci kwano biyu.

Shugaban ma'aikatan wurin wani dogo ne da tarin makullai a ƙugu, kafin a gan shi an ji shi, shi ya sa ake ce masa Mai Makullai. Ranar farko doka ɗaya ya kafa wa Yaya. "Dattijo, ƙarƙashin ƙasar nan wayoyin wuta ne. Wanda ya haƙa rami, ko na shuka gyaɗa ne, ya ajiye rigarsa a ƙofa." Ba wasa yake ba. Kafin zuwan Yaya an sallami wani mai gadi don ya kafa turke zai yi rumfa.

Ni nake kai masa abin kari da misalin ƙarfe takwas, tunda matarsa ba ta iya hawan tudu. Ana barina in shiga in same shi inda yake aiki. Bayan kamar wata biyu ya ce in na ga farin dutse a hanya, ƙarami kamar ƙwan kaza, in tsinto masa, don na filin duk baƙaƙe ne. Ban tambaya ba. Wani makon ya ce biyu, wani makon ba ko ɗaya, wani makon har bakwai. Ina ƙullewa a bakin mayafi in kai.

Wata safiya na same shi a tsugune a bakin shingen waya, bayan fanka ta goma sha biyu. Duwatsu ne jere a jikin shingen, farare da baƙaƙe, kamar haƙoran tsoho. A gabansa, kan bakin shebur, jemage ne kwance.

"Yaya! Haƙa kake yi?"

"Rage murya. Wannan ba haƙa ba ce, sosa ƙasa ne. Tafin hannu ɗaya kawai. Wane mahaukaci ne zai binne waya a gindin shinge?"

"In aka gan ka fa?"

"To in bar shi shaho ya yage shi ina kallo? Auta, shekara talatin muna aiki tare."

Ya ce tun makonsa na farko yake tsintar su da sassafe a gindin fankokin. Daga ƙasa sai ka ga fikafikan suna juyawa a hankali kamar mai jin barci, amma bakin fiffiken, in ji shi, ya fi mota gudu. Wasu yakan same su da karyayyen fiffike, wasu babu ko ƙwarzane, kamar barci suke. Kowanne yana binne shi a bakin shinge daidai saitin fankar da ta kashe shi, "don kada a ɗora wa wata laifin wata."

Ranar ya koya mini abin da ban taɓa lura da shi ba, ni da nake ganin duk jemage jemage ne. Ya juya shi da tsinke. "Dubi fuskar. Ba ki ga ɗan kwikwiyo ba? Dogon baki, manyan idanu, kunne ƙarami. Wannan mai cin 'ya'yan itace ne, da ido da hanci yake neman abincinsa. Dubi wuyan, kalar busasshiyar ciyawa. Irinsa ne ke cika ɓauren kogi suna surutu kamar kasuwa." Ya ɗan buɗe fiffiken. "Ƙirga farcen da ke nan."

"Biyu."

"To ƙananan nan masu cin ƙwari ɗaya gare su. Idanunsu kamar ƙwayar gero, kunnuwa kuwa kamar an ara musu, ga wutsiya a cikin fata. Su nake sa wa baƙin dutse. Akwai kuma wani mai cin 'ya'yan itacen, bai kai wannan girma ba, da ɗan farin gashi a gindin kunne, namijin har da fari a kafaɗa kamar mai muƙami. Shi ne kike ji bayan magariba yana ƙara kamar ana buga ƙaramin ƙarfe. Shi ma fari nake sa masa."

Ya rufe ramin, ya miƙo hannu, na kwance mayafi na ba shi dutsen. Daga ranar na san abin da nake ɗauka, kuma ban daina ba. Ban faɗa wa matarsa ba. In laifi ne, da hannuna a ciki.

A shekara ta biyu wata mata ta fara zuwa filin duk Litinin da Alhamis da ƙarfe tara. Ba za ta wuce sa'ar 'yata ba. Tana da igiya doguwa da littafi da takalma irin na maza. Sai ta ɗaura igiyar, ta bi layi kanta a sunkuye, ta kai ƙarshe ta juyo ta kama wani layin, har ta zagaye gindin fanka, ta rubuta wani abu, ta wuce ta gaba. Ba wanda ya gaya wa Yaya ko wace ce. Ya tsaya daga nesa ya kalle ta kwana biyu, ya dawo gida da hukuncinsa.

"An turo mai duba aiki. Tsabtar filina take bincike. Wallahi ko tsinke ba za ta samu ba."

Daga nan duk Litinin da Alhamis, yana sallame asuba ya ɗauki lauje. Kafin rana ta fito ya bi gindin fankokin nan ɗaya bayan ɗaya ya kwashe duk abin da ya faɗo. Matarsa ta ce, "Malam, ko ranar da za ka ɗauko ni daga gidanmu ba ka yi wannan sammakon ba."

"Ke ba a ce za a duba aikina a kanki ba."

In matar ta gama zagayenta ta fito hannu wofi, sai ya rusuna ya gaishe ta, ya juyo ya ƙifta mini ido. Wata tara ana haka.

Akwai benci a inuwar ɗakin masu gadi inda nake hutawa kafin in sauka. Wata Alhamis ta zo ta zauna kusa da ni tana cire ƙaya daga safa. Na zuba mata sauran shayin Yaya a murfin flas. Muka gaisa, ta tambayi gida, na tambayi iyayenta. Sai na ce, "Malama, Allah Ya sa dai aikin tsohon yana gamsar da ke."

"Wane tsoho, Mama?"

"Mai yankan ciyawa. Yayana ne."

"Ai shi ne ya sauƙaƙa mini aiki. Filin nan kamar tafin hannu, ko allura ta faɗi zan gani." Ta kurɓi shayi. "Abin da nake nema ne dai babu."

"Me ya ɓace miki?"

"Jemagu. Matattu. Aikina ke nan, in ƙirga nawa fankoki ke kashewa. A wasu wurare abin ba kyau, ga shi uwa ɗa ɗaya take haifa a shekara, in suka ragu ba sa saurin dawowa. Amma nan, wata tara, biyu kacal na samu." Ta dubi tudun. "Ya kamata in yi murna. Amma abin ya yi kyau da yawa, Mama, har yana hana ni sukuni. Alhamis mai zuwa zan miƙa rahoto. In na rubuta biyu, za su ƙara fankoki shida daga can gangare, kusa da itatuwan bakin kogi."

Na karɓi murfin na rufe flas ɗin. Ban faɗa mata gaskiyar ba. Ba sirrina ba ne ni kaɗai, kuma aikin da za a rasa ba nawa ba ne.

Na bari sai bayan magariba, muna zaune a tsakar gida mu uku. Na faɗa masa yadda muka yi, ban rage ba ban ƙara ba. Yaya ya ajiye cokali.

"Ba tsabta take dubawa ba?"

"A'a."

"Wata tara ina kwashe mata abin da ta zo nema?"

Matarsa ta fara dariya har da riƙe ciki, sai ta ji maganar rami da duwatsu, dariyar ta tsaya. "Haƙa? A filin da aka ce kada a haƙa? Ke kuma Auta, da carbinki da shirunki, ke ce mai kai duwatsu?" Ta juya gare shi. "To ka ji, Malam. Wa ya gan ka? Ba kowa. Daga gobe ka daina taɓa su, ta tsinci abinta da kanta, shi ke nan. Ba ka yi ƙarya ba, ba ka rasa aiki ba."

"Mangwaro ya wuce," in ji shi a hankali. "Manyan sun yi ƙaura, sai wata shekara. Yanzu sai a yi kwana goma ban ga ko ɗaya ba. Me za ta tsinta a mako guda?"

"To Allah Ya so ka ke nan. Garin gyaran gira kada ka tsone ido. Ka manta wata bakwai ɗin nan? Ni ban manta ba. Ni na riƙa rage maka wuyan riga."

Ba don kanta take faɗa ba, na sani. Tsoron da take ji ni ma shi nake ji. Mutum mai shekara sittin da biyar in aka karɓe masa lauje, ba wanda zai sake miƙa masa wani.

Kwana biyar bai sake tayar da maganar ba. Yana zuwa aiki yana dawowa, abincin da nake kai masa rabi yake ci. Ranar Talata na same shi a ƙarshen filin, inda ake hango ɓauren kogi daga sama, ya dogara da shebur. Bai juyo ba ya ce, "Auta, ke da kike zama gaban malamai. Shaidar zur, sai da baki ake yin ta?"

Na ce, "Ban kai nan a karatu ba, Yaya."

"Ni ma ban kai ba." Ya nuna ɓauren da haɓa. "In aka kafa fankoki shida a can, fitowarsu ke nan daga itace sai cikin wuƙa. Kuma da hannuna aka rubuta biyun nan."

Ranar Alhamis bai yi sammako ba. Ya yi wanka, ya sa kayansa na zuwa gaisuwa, ya ninke rigar aiki ya saƙale a hammata. Matarsa na kallonsa daga bakin ƙofa, sai da ya kai zaure ta ɗaga murya, "Ka dai ci wani abu, kada ka faɗi a gabansu su ce yunwa nake bar maka!"

Tare muka hau tudun. A ƙofa ya aika a kira Mai Makullai. Na ce masa a hankali ko zai fara nuna wa Malama ita kaɗai. Ya ce a'a, ba zai zagaye mutumin da ya ba shi aiki ba.

Da Mai Makullai da Malama suka iso ya ce, "Yallaɓai, Malama, ku biyo ni. Akwai abin da na yi."

Ya kai su bakin shinge. Malama ta dubi duwatsun, ta dube shi. Ya yi bayani a tsaye, hannuwansa a baya kamar ɗan makaranta, har da yadda ya ɗauke ta mai duba tsabta. Da ya zo nan sai ta rufe baki da littafinta. Na zaci kuka take, ashe dariya ce ta ƙwace mata, sannan ta zauna a ƙasa daɓas ta dafe kai.

"Baba, wata tara! Har gilashin ido na canza, na ce ko idona ne."

Mai Makullai bai yi dariya ba. "Rami nawa?"

"Ban ƙirga ba, Yallaɓai."

"Me na ce maka ranar farko?"

"Ka ce wanda ya haƙa ya ajiye riga." Yaya ya zaro rigar daga hammata ya miƙa masa. "Ga ta. Na wanke."

Mutumin ya tsaya da riga a hannu kamar an ba shi garwashi. Malama ta miƙe ta tambaye shi ina takardar da ta aiko tun farko, cewa a gaya wa duk ma'aikata kada a taɓa mushen da aka gani. Ya ce ya karanta ta a taron ma'aikata. Ta ce Baba yana wurin? Ba a taɓa kiran mai yankan ciyawa taro ba.

"Wannan daban, haƙa daban," ya ce daga baya, muryarsa ta sauka. "Dattijo, da sheburinka ya taɓa waya, ni zan je in gaya wa iyalinka. Ka san haka?"

"Na sani yanzu."

Malama ta roƙa a bar mu har ta gama. Muka bi shingen nan tun daga fanka ta ɗaya, tana ƙirgawa tana rubutawa. Farare sittin da huɗu, baƙaƙe ɗari da tamanin da bakwai. A saitin fankokin farko sai ka yi taku ashirin ba dutse. A saitin uku na ƙarshe, masu kallon kogi, duwatsun har sun hau kan juna.

Ta ce, "Baba, kada ka ji haushi. Ta yaya zan tabbata fari fari ne, baƙi baƙi ne?" Ta zaro wani littafi mai hotuna, ta rufe rubutun da tafin hannu, ta riƙa buɗe masa shafi.

"Fari. Fari, namiji ne, ga kafaɗar. Baƙi. Baƙi. Wannan ban taɓa ganin irinsa a nan ba, ba zan yi miki ƙarya ba."

"Ba a ƙasar nan yake ba. Gwada ka nake."

"Ai na ga alama. Ko a lambu masu saye haka suke yi mini."

Sai ta ce saura abu ɗaya, kuma ta san ba zai samu ba: a wane lokaci na shekara suka fi mutuwa? Yaya ya sosa ƙeya. Ya ce kwanakin sun cakuɗe masa. Ban san lokacin da na ji muryata ba.

"Fararen dai ni na kawo su. Daga fara nunar mangwaro zuwa ƙarewarsa nakan kawo biyar, shida, har bakwai a mako. Lokacin gwaiba biyu ko uku. Da sanyi sai in yi wata ban tsinci ko ɗaya ba. Kuma ya fi aikena in an kwana iska ba ta da ƙarfi, don ranakun ne wankina ba ya bushewa."

Ta rubuta duka, har da maganar wanki. Ta tambayi yadda za ta sa sunana. Na ce ta sa ƙanwarsa.

Mai Makullai ya raka mu har ƙofa. Ya ce doka ba a hannunsa take ba, zai kai magana sama, Yaya ya zauna a gida sai ya ji. Bai mayar da rigar ba.

Kwana goma sha tara muka yi. Matar Yaya ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana, a na uku ta turo mini kwano da ƙafa ta ce, "Ungo, mai duwatsu." Yaya bai wasa lauje ba ko sau ɗaya, wannan ya fi tayar mini da hankali. Yana zama a zaure yana kallon hanya. In an yi sallama sai ya miƙe, in ya ga maƙwabci ne ya koma ya zauna. Na yawaita addu'a, ban san me zan roƙa ba sai abin da ya fi alheri.

Rana ta ashirin da hantsi muka ji ƙarar makullai a ƙofar gida. Matar Yaya ta ja mayafi tana cewa, "Ga mai yanke hukunci nan, a shimfiɗa masa tabarma mai kyau ko ya ji kunya."

Ya zauna, ya sha ruwa, ya buɗe wata babbar takarda mai zane ya nuna wa Yaya inda wayoyin suka bi. Tsakaninsu da shingen taku biyu ne. "Allah ne Ya kiyaye ka, ba wayonka ba." Sannan ya faɗi abin da aka yanke. Maganar sababbin fankoki an dakatar, sai an sake ƙirga na shekara guda. Ukun da ke kallon kogi kuma ana shawarar a riƙa tsayar da su daga faɗuwar rana a lokacin nunar 'ya'yan itace, in iska ba ta da ƙarfi, amma wannan bai tabbata ba tukuna. Shi Yaya an rubuta masa gargaɗi, na farko kuma na ƙarshe. Zai koma, bisa sharaɗi: ba haƙa, ba ɗauka, ba taɓawa. Kullum da safe ya zagaya kamar yadda ya saba, inda ya ga jemage ya ɗora ƙaramar tuta mai gindin roba kusa da shi, ya bar shi a nan har Malama ta zo.

"In bar shi a fili?"

"A fili."

"In ba ranar zuwanta ba ce fa?"

"Yanzu kullum za ta zo, ko ta turo wani. Dattijo, ko ka karɓa haka, ko in koma da rigar."

Yaya ya daɗe yana kallon tabarma. Matarsa ta yi gyaran murya daga ɗaki, irin wanda ake ji har maƙwabta. Ya miƙa hannu biyu ya karɓa.

"In ta gama rubutunta, ina take kai su?"

"Wannan ku daidaita da ita. In ta ba ka, ka kai wajen shinge, can bayan hanya, ka haƙa har ka gaji."

"Ba dai gidana ba!" in ji murya daga ɗaki.

Ya koma aiki ranar Asabar. Kusan mako biyu bai tsinci komai ba. Sai wata safiya na hau da abin kari ban same shi inda ya bar lauje ba. Na hango shi can gindin fanka ta goma sha uku, a tsaye wuri ɗaya. Na ƙarasa. Ga tuta, ga ɗan jemage kwance a kan tsakuwa, mai manyan kunnuwa, bai kai tsawon yatsana ba. Yaya ya juya wa rana baya, inuwarsa ta rufe jemagen.

"Zo ka ci, Yaya, zai huce."

"Ƙarfe nawa?"

"Takwas da kwata."

"Saura kaɗan ta zo. Ba a ce kada in tsaya ba."

Na zuba shayin na miƙa masa, ya sha a tsaye. Rana na ɗagawa inuwar na gajarta, shi kuma yana matsowa kaɗan kaɗan, har muka hango Malama ta shigo ƙofa da igiyarta a kafaɗa. Ya ɗaga mata hannu ɗaya, bai gusa daga inda yake ba.